Ruwanda: Alhakin Mai Sara da na Mai Riƙe Masa Fitila

Yau Ruwanda za mu, wata ƙasa mai tsaunuka a tsakiyar Afirka wadda ba ta kai rabin Jihar Borno girma ba. A can ne, daga Afrilu zuwa Yulin 1994, aka hallaka mutum kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi, tare da 'yan Hutu da suka ƙi sa hannu a kisan. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sanannu ne: sojojin gwamnati, da 'yan bangar jam'iyya mai mulki da ake kira Interahamwe, da dubban talakawa da suka ɗauki adduna suka afka wa maƙwabtansu. A kan wannan babu gardama, kuma ba na son wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ɗauka ina sauke wa makasan kayansu. Tambayata ta shafi wanda bai ɗaga adda ba, amma shi ya horar da sojan, shi ya cika masa rumbun harsashi, shi ya tsaya masa a gaban duniya. Wane suna ya dace da abin da ya yi, kuma wa ke da ikon raɗa wannan suna?

Ranar 1 ga Oktoban 1990, 'yan tawayen RPF, galibinsu 'ya'yan Tutsin da aka kora gudun hijira tun wajajen 1959, suka shigo Ruwanda daga Yuganda. Cikin kwanaki kaɗan Shugaba François Mitterrand na Faransa ya tura sojoji Kigali. Dalilin da aka bayar shi ne kare Faransawa mazauna ƙasar. Beljiyam da Zayar su ma sun tura nasu, amma ba su daɗe ba suka kwashe. Faransa kuwa ta zauna har Disambar 1993. A tsakanin nan rundunar Shugaba Juvénal Habyarimana ta kumbura daga soja kimanin 5,000 zuwa sama da 30,000. Hafsoshin Faransa ne ke ba da horo da shawara, manyan bindigogi da harsasai na sauka, kuma lokacin da RPF ta kusa cimma Kigali a Fabrairun 1993, ƙarin dakarun da Paris ta turo na daga cikin abin da ya hana gwamnatin faɗuwa. Ba Faransa kaɗai ta ci wannan kasuwa ba. Masar da Afirka ta Kudu kowace ta sayar wa Kigali makaman kimanin dala miliyan 6 a 1992.

Me Faransa take nema a ƙasar da ba ta da man fetur, ba ita ta yi mata mulkin mallaka ba? Amsar tana cikin yadda mutanen fadar Elysee suke kallon taswirar Afirka. A idonsu RPF rundunar masu jin Ingilishi ce da Yuganda ta turo, kuma bayan Yuganda akwai Ingila da Amurka. In aka bari Habyarimana ya faɗi, sauran shugabannin da ke fake a inuwar Faransa, daga Libreville zuwa Lome, za su gane cewa inuwar giginya ce. Saboda haka tallafin da ake ba Kigali saƙo ne ga wasu fadoji, talakan Ruwanda kuwa bai shigo cikin lissafin ba.

Wanda yake son wanke Faransa yakan ce babu wanda ya san abin da ke tafe. Wannan magana ba ta tsayuwa, kuma Faransawa ne da kansu suka rushe ta. Janar Jean Varret shi ne shugaban ofishin haɗin gwiwar soja na Faransa a lokacin. Ya bayyana cewa a ƙarshen 1990 babban hafsan jandarmomin Ruwanda, Kanar Pierre-Célestin Rwagafilita, ya roƙe shi manyan makamai, da ya tambaye shi abin da jandarma zai yi da su, sai ya gaya masa ƙarara cewa so suke su gama da Tutsi, tunda ba su da yawa. Varret ya kai rahoto sama. Ya ci gaba da jan kunne har aka raba shi da muƙaminsa a 1993. Kafin nan an yi wa Tutsin Bagogwe kisan gilla a farkon 1991, an yi na Bugesera a Maris ɗin 1992. Wani kwamitin ƙasa da ƙasa na ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ya shiga ƙasar a Janairun 1993, ya tono kaburbura, ya nuna hannun hukuma a kisan. A watan Agusta na wannan shekara wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Bacre Waly Ndiaye ɗan Sanagal, ya rubuta cewa abin da ke faruwa yana iya shiga ma'anar kisan ƙare dangi. Duk wannan kafin a kai 1994. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Daren 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin Habyarimana yana shirin sauka Kigali, ya mutu tare da Shugaba Cyprien Ntaryamira na Burundi. Jirgin ma kyautar Faransa ne, matuƙansa Faransawa. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a tituna ana duba katin shaida, wanda tun zamanin mulkin Beljiyam ake rubuta ƙabilar mutum a kansa. Washegari aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam goma da aka tura su tsare ta. Turawa suka aiko jirage suka kwashe mutanensu. Faransa ta haɗa da matar Habyarimana da wasu na jikinta, ta bar yawancin Tutsin da ke yi mata aiki a ofishin jakadancinta. Ranar 27 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka, aka karɓi ministan harkokin wajen gwamnatin riƙon ƙwaryar da ke jagorantar kisan a Paris, ya gana da manyan jami'ai.

Kada a ce na ɗora wa Faransa kayan kowa. Sojojin Beljiyam sun janye daga wata makarantar fasaha a unguwar Kicukiro ranar 11 ga Afrilu, suka bar mutum kimanin 2,000 da suka fake a wurinsu, aka kashe mafi yawansu a ranar. Amurka, wadda ba ta gama jimamin sojojinta 18 da aka kashe a Mogadishu ba, ta hana jami'anta furta kalmar kisan ƙare dangi don kada furucin ya wajabta mata wani abu. Janar Roméo Dallaire, kwamandan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya aika da gargaɗi New York tun 11 ga Janairu cewa ana tara makamai ana rubuta sunayen Tutsi, aka hana shi kai samame. Ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya zaftare rundunar daga kimanin 2,500 zuwa 270.

Najeriya na zaune a wannan Kwamiti a lokacin, Farfesa Ibrahim Gambari ne wakilinta. Yana cikin 'yan ƙalilan, tare da jakadun New Zealand da Jamhuriyar Czech, da suka dage a ƙarfafa rundunar, abin da Ruwanda take tunawa da shi har yau. Amma ƙudurin zaftarewar ya wuce ne ba tare da ko hannu ɗaya ya ƙi ba, wato har da namu. Ina ganin ya kamata ɗalibanmu na huldar ƙasashe su riƙe ɓangarorin nan biyu tare. A fagen daga kuwa, sojojin Ghana ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho sun ƙi tafiya, kuma Kyaftin Mbaye Diagne na Sanagal ya yi ta ɗibar mutane a motarsa yana tsallakar da su shingayen makasa har ranar 31 ga Mayu da wani makami ya faɗo kusa da shi ya kashe shi.

Sai a ƙarshen Yuni, bayan an kusa gama kisan kuma RPF na dab da cin yaƙi, Faransa ta dawo da soja kimanin 2,500 da sunan aikin jinƙai da ta kira Turquoise, tare da 'yan rakiya daga wasu ƙasashen Afirka, har da Sanagal da Chadi da Nijar. Kwamitin Sulhu ya amince ranar 22 ga Yuni, amma ƙasashe biyar suka ƙaurace wa ƙuri'ar, Najeriya na ciki. Adalci ya sa a faɗa cewa wannan runduna ta ceci rayuka. Dubban Tutsin da ke sansanin Nyarushishi da ita suka tsira. To amma akwai Bisesero. A kan waɗannan tsaunuka na yammacin ƙasar Tutsi sun yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu. Ranar 27 ga Yuni wani ƙaramin ayarin sojan Faransa ya iso. Waɗanda suka rage da rai suka fito daga ramuka da dazuzzuka, suka nuna raunukansu, suka roƙi a tafi da su ko a tsaya tare da su. Aka ce musu su koma su ɓuya, za a dawo. Makasan na nan kusa suna kallon inda kowa ya fito. Ba a dawo ba sai ranar 30 ga wata, aka tarar da kimanin 800 a raye, ɗaruruwa sun tafi a cikin kwana ukun nan. Waɗanda suka tsira sun kai ƙara a Faransa, aka yi shekaru ana bincike, daga bisani alƙalai suka rufe fayil ba tare da an gurfanar da kowa ba. A watan Yuli kuma ministocin gwamnatin kisan suka ratsa yankin da Faransa ke tsaro suka tsallaka Zayar ba wanda ya kama su, sojojinsu suka bi su da makamansu. Daga sansanonin Goma da Bukavu ne wutar da ta cinye Kwango ta tashi a 1996.

Yanzu mu zo kan batun suna. A 1998 wani kwamitin majalisar dokokin Faransa ƙarƙashin Paul Quilès ya ce an tafka kurakurai, amma Faransa ba ta da hannu. A 2010 Nicolas Sarkozy ya je Kigali ya ambaci manyan kurakuran hange. A Maris ɗin 2021 kwamitin masana tarihi da Emmanuel Macron ya naɗa ƙarƙashin Vincent Duclert, bayan shekara biyu yana tonon takardun gwamnati, ya ce Faransa na ɗauke da alhaki mai nauyin gaske, ta makance wajen goyon bayan gwamnatin wariya da zalunci, kuma Mitterrand da 'yan tsirarun mashawartansa ne suka riƙe akalar suna toshe kunne ga masu gargaɗi. Amma ya ce bai ga shaidar haɗin baki ba, domin babu takardar da ta nuna niyyar taya kisan. Wata guda bayan haka rahoton da Ruwanda ta sa wani kamfanin lauyoyin Amurka ya rubuta ya ce Faransa ta share fage ga kisan da ake iya hangowa. Ranar 27 ga Mayu Macron ya tsaya a makabartar tunawa ta Gisozi, inda aka binne sama da mutum 250,000, ya amsa alhaki, ya musanta haɗin baki, ya kuma kauce wa furta kalmar neman gafara kai tsaye.

Tsakanin alhaki da haɗin baki akwai rata, kuma a cikin ratar nan ne kurkuku yake. Alhaki magana ce ta masu tarihi, ana amsa ta da jawabi da furanni. Haɗin baki magana ce ta alƙali. Don mu ga yadda ake auna wannan rata, mu tuna da wani baƙo da Najeriya ta taɓa saukarwa a Kalaba. Charles Taylor na Laberiya, wanda aka kama a Gamborun Ngala a Maris ɗin 2006 yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru, an yanke masa shekara 50 a 2012 saboda ta'asar da aka yi a Saliyo. Kotun ba ta same shi da laifin ba da umarnin yanke hannuwan mutane ba. Babban abin da ta kama shi da shi shi ne taimakawa da ingizawa: ya ba 'yan tawayen RUF makamai da harsasai da mayaƙa alhali ya san irin aikin da suke yi da su. Da ya ɗaukaka ƙara a 2013, alƙalai suka ce ba sai an tabbatar cewa ya nufi taimakon nasa kai tsaye ga laifin ba. Ya isa a nuna cewa taimakon ya yi tasiri sosai, kuma ya sani. A farkon wannan shekarar kuwa wata kotun ta duniya ta sallami Janar Momčilo Perišić, babban hafsan sojan Yugoslabiya da ya wadata Sabiyawan Bosniya da makamai, bisa hujjar cewa ba a nuna ya nufi taimakonsa ga laifukan ba. Masana shari'a da dama sun lura a lokacin cewa ma'aunin da aka yi wa Taylor, in aka bar shi ya yi aiki a kan kowa, zai hana manyan ƙasashe barci.

Ba na kuka don Taylor, abin da ya shuka ya girba. Abin da nake cewa shi ne a ɗauki mudun da aka auna shi da shi, wato tallafi mai tasiri haɗe da sani, a kai shi fadar Elysee ta 1990 zuwa 1994, a ga abin da zai fito. Mai yiwuwa alƙali ya saurari komai ya ce shaidar ba ta kai ba, musamman da yake mafi yawan tallafin ya gabaci Afrilun 1994. Wannan hakkin kotu ne. Sai dai ba a taɓa kai maganar gaban kotun da za ta auna manyan ba. Mitterrand ya rasu a 1996 da girmansa, takardunsa kuma suka daɗe a kulle.

A nan ne nake da ja da yadda muke cewa “Faransa ta yi” ko “Faransa ta amsa laifi.” Idan aka ɗora laifi a kan ƙasa baki ɗaya, ya zama gishirin da aka zuba a kogi, kowa ya ɗanɗana ba zai ji komai ba. Varret Bafaranshe ne. Sojojin da suka koma Bisesero ranar 30 ga Yuni Faransawa ne, haka 'yan jaridar da suka fallasa abin da ya faru, haka masu binciken da suka yi shekaru suna shari'a da gwamnatinsu don a buɗe takardu. Waɗanda suka yanke shawarar ci gaba da tura makamai bayan gargaɗi mutane ne ƙididdigaggu, masu sunaye da ofisoshi da sa hannu. Kiran sunan ƙasa yana yi musu rumfa. Kuma kada mu manta irin wannan lissafi na jimla, wai Tutsi duk abu guda ne, kowane jariri ɗan leƙen asirin RPF ne, shi gidan rediyon RTLM ya yi ta hurawa har maƙwabci ya sari maƙwabci.

Abu na biyu da ke damuna shi ne lokacin da gaskiya take zaɓa ta fito. A 2006, da wani alƙalin Faransa, Jean-Louis Bruguière, ya ba da sammacin kama na hannun daman Paul Kagame kan harbo jirgin, Kigali ta yanke hulɗa da Paris, ta fitar da nata rahoton a 2008 mai zargin manyan Faransa da hannu dumu-dumu, ta mayar da karatun makarantu zuwa Ingilishi, ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2009. Da iska ta juya, Faransa ta goyi bayan ministar harkokin wajen Ruwanda, Louise Mushikiwabo, ta zama shugabar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2018, aka kuma rufe shari'ar jirgin. A 2020 aka cafke Félicien Kabuga, attajirin da ake zargi da ɗaukar nauyin RTLM, a wata unguwa a gefen Paris bayan shekara 26 yana ɓuya. Da Macron ya yi jawabinsa, Kagame ya ce kalaman sun fi neman gafara daraja. A Yulin 2021, wata biyu bai cika ba, sojojin Ruwanda kimanin 1,000 suka sauka Cabo Delgado ta Mozambik, inda masu tayar da ƙayar baya suka tilasta wa kamfanin Total na Faransa dakatar da aikin iskar gas na dala biliyan 20. Ban ce ciniki aka yi ba. Na dai jera ranakun, mai karatu yana da nasa hankalin. Abin da ke cikin takardun nan bai canja ba tun 1994. Abokantaka ce ta canja.

Haka abokantaka ta yi wa ɗaya ɓangaren rumfa. RPF ce ta tsayar da kisan ƙare dangin, wannan ba abin musu ba ne, kuma masu cewa wai kisa biyu aka yi iri ɗaya suna neman ɓata ruwa ne. Amma sojojinta sun kashe fararen hula a 1994, sun buɗe wuta a sansanin Kibeho a Afrilun 1995, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 ya lissafa kashe-kashen 'yan gudun hijirar Hutu a Kwango. Kotun Arusha ta hukunta sama da mutum 60, babu ɗan RPF ko ɗaya. Mai gabatar da ƙara Carla Del Ponte ta ce yunƙurinta na bincikar su ne ya sa aka raba ta da kujerar a 2003, lokacin da Kigali ta zama 'yar lelen Washington da Landan. Yau kuma ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suna zargin Ruwanda da ba 'yan tawayen M23 makamai da dakaru, waɗanda suka kama Goma a Janairun 2025. Kigali na cewa tsaron kanta take yi daga ragowar makasan 1994. Laifi tudu ne.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, musamman 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, za su ji daɗin duk abin da aka faɗa a kan Faransa, tunda ba a daɗe da rakiyar sojojinta daga Yamai ba a ƙarshen 2023. Suna da dalilansu, ban raina su ba. Amma mudun nan ba ya tambayar launin tutar mai kawo makami. A ƙarshen Maris ɗin 2022, ranar kasuwa, jirage masu saukar ungulu suka sauka a garin Moura da ke tsakiyar Mali. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Mayun 2023 ya ce sojojin Mali tare da wasu fararen fata masu ɗauke da makamai sun kashe aƙalla mutum 500 cikin kwana biyar, mafi yawansu ba su da makami. Shaidu da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ce mayaƙan Wagner na Rasha ne. Bamako ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. Lokacin da aka nemi Kwamitin Sulhu ya yi kiran bincike mai zaman kansa, Rasha ta tare hanya. Da rahoton ya fito, gwamnatin Mali ta sanar da buɗe binciken leƙen asiri a kan waɗanda suka rubuta shi, kuma wata guda bayan haka ta umarci rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta tattara nata ya nata ta bar ƙasar.

Mu kwana nan.